Amsa ga ɗana na Yamai, kan kiran sunan masu bayarwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce saura shekara biyu majami'arku ta cika 50, kuna son sabon ɗakin sujada ya tsaya kafin ranar, an kuma sa ka magatakardan kwamiti. Kana tambaya ko al'adarmu ta yarda a kira sunan mai bayarwa da yawan kuɗinsa a lasifika. Na yi murmushi da farko, daga baya hankalina ya ɗan tashi, don ka yi maganar lasifika da riguna iri ɗaya, amma ban ji ka ambaci lissafin magini ba.

Muna samari, a wani ƙauye kusa da Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950, aka tashi sauya rufin majami'a daga jinka zuwa kwano. An sa rana bayan kaka. Tun da hantsi magidanta suka riƙa shigowa da damman gero a kan jakuna, ana jerawa a gindin gawo. Zumuntar mata suka zo da ƙorai, wannan tiya biyu ta wake, waccan gyaɗa. Dattawa uku na zaune a kan tabarma: ɗaya na ƙirga, ɗaya na rubutawa, na uku yana maimaita adadin a kunnen mai kayan don ya shaida. Wata gwauruwa ta zo da kaza ɗaure da tsumma a ƙafa, aka rubuta ta a layi ɗaya da mai dami ashirin. Da yamma babban dattijo ya miƙe ya karanta sunan kowane gida, bai faɗi abin da kowa ya kawo ba, sai jimla: dami kaza, tiya kaza, kwanon rufi nawa za su saya, nawa ya rage. Geron ma ba a sayar da shi a ranar ba. Aka zuba a rumbu har bazara, lokacin da hatsi ya yi daraja. Wani ya nemi a bayyana wanda ya fi kowa, dattijon ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a tambayar wane hannu ya fi ɗagawa.

Kafin in amsa batun suna, ga shawarata kan ginin: ku fara da takardar fili da izinin gini daga hukumar gari. Ku duba inda ruwa ke kwanciya da damina, Yamai ta ga ambaliyar 2020, don haka a ɗaga harsashi. Sannan ku karɓi lissafi a rubuce daga magina uku, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda tashin kaya. A misali, in aikin na sefa miliyan 24 ne, kuna neman miliyan ɗaya kowane wata har wata 24. Ku raba shi mataki huɗu: harsashi, bango, rufi, sai yaɓe da ƙofofi. Kada a haƙa rami sai kuɗin mataki biyu na farko suna hannu.

Alkawari kaya ne, amma ba ya sayen siminti. Iyayenmu kan lissafa biyu cikin uku na abin da aka yi alkawari, sauran in ya zo a gode Allah. Kowane gida ya rubuta nasa a kati, da lokacin biya. Ma'aikaci ƙarshen wata, manomi da kaka, mai albasa wajen Maris da Afrilu. Mai jika biyu a wata da ba ya fashi ya fi mai jika ɗari na ranar taro da sai an bi shi gida. Dattawa da ƴan kwamiti su fara bayarwa, kafin a rubuta wa ƴaƴanmu na Abijan da sauran wurare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Asusun gini ya zama dabam a banki, mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Ku ɗauke wa Fasto wannan nauyi, kariya ce gare shi. A ƙirga kuɗi gaban mutum uku a ranar da aka karɓa, kowa ya samu rasit, a karanta rahoto Lahadin farko na kowane wata. Ku kuma gaya wa jama'a sarai cewa kuɗin gini ƙari ne a kan baiko, wato kyautar da ake bayarwa a sujada, da zakka, in ba haka ba baikon mako zai ragu, albashin Fasto da kuɗin wuta su tsaya.

Waɗanda suka ga Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, ba sa barin kuɗin gini ya daɗe a ajiye. Ku mai da shi rodi da kwano da tsakuwa. Siminti kam kada ku tara da wuri, danshi na daskarar da shi cikin ƴan watanni. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya, a ɗora a kan katako. Ku sa mutum ya tsaya wurin buga bulo, kada buhu ɗaya ya wuce bulo 35, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda.

Abin da ke damuna da ku ƴan yau shi ne kuɗin shinkafa da rumfuna da atamfar biki kan kai kuɗin rufi. Ku ware wa bikin nasa asusu ƙarami. In ranar ta zo ginin yana kan bango, ku yi sujadar godiya a cikinsa haka nan.

Batun suna kuwa, Sarki Dauda ya faɗi abin da ya bayar domin Haikali a gaban jama'a, Ubangiji Yesu kuma ya ce kada hagu ta san abin da dama ke yi. Ka kai wa dattawanku su auna, su tuna da wadda za ta zo da kaza. Ka turo mini lissafin maginan nan uku in duba, ka gaida mahaifiyarka.