Amsa kan hutu da alawus ga ma'aikatan injin casar shinkafa

Alhaji, ka ce kana da ma'aikata ashirin a injinka na Argungu, kuma duk wanda ya ƙware sai ya tafi, kana tambayar abin da zai riƙe su ban da ƙarin albashi.

Ka fara da abin da dokar ƙwadago ta wajabta: hutun shekara na aƙalla kwanaki 6 na aiki tare da albashi ga wanda ya cika wata 12, hutun rashin lafiya har kwanaki 12 idan likita ya ba da takarda, da hutun haihuwa na mako 12, wanda mai wata 6 a aiki za ta karɓi aƙalla rabin albashinta a cikinsa. Dokar fansho ta 2014 kuma ta shafe ka, tunda ma'aikatanka sun haura 15: kai za ka zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma kashi 8.

Sai dai a ganina, lokacin hutun ya fi yawansa muhimmanci a wajenmu. Mai kula da injinka manomi ne kafin ya zama ma'aikaci, kuma idan lokacin dashe ya kama a fadama, ko ka ba shi izini ko ka hana shi, gona za shi. Gara ka tsara hutun bi da bi tun kafin lokacin, kowa ya san makonsa, domin kada injin ya tsaya. Ka haɗa da buhun shinkafa gab da azumi, da rancen kuɗin taki da za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, sannan ka rubuta duk wannan a takardar ɗaukar aiki.