Waƙar da Rediyo ya Riƙe

Matso da kotson nan inuwa, yaro, kada rana ta narkar da nake, danƙon nan na bisa fatatai, sannan ka zauna. Jiya da munka taso daga bukin nan na Mabera ina jinka cikin mota kana ƙunƙuni, har kac ce: “Baba, wai mu waƙa guda gare mu? Ko'ina munka tafi ita ake nema, alhali kai da bakinka kac ce ba ta kai rabin ta ubangidanmu ba.” Na yi shiru ne don direba ya baza kunne.

Gaskiyarka, ba ta kai ba. Cikin kwana biyu niy yi ta, ina fama da masassara ma. Ta ubangidanmu kuwa shekara ukku ina ɗora mata ɗiya, wato baitoci, ina saukewa. Amma ba ka san yadda ƙaramar tash shiga rediyo ba, lokacin ko haihuwarka ba a yi ba. Wani gidan rediyo ne yak kira mu, mai ɗauka yad dubi agogo yac ce minti bakwai gare mu. To waƙar ubangidanmu, in an sake ta yadda ya kamata, da gindi, wato layin da ake maimaitawa, da ɗiya da zugar sanƙira mai kirari, rabin awa ba ta isarta. Kuma ɗiya huɗu a cikinta zambo ne ga wani ɗan sarki da yan nemi sarautar bai samu ba. Ban faɗi sunanai ba, amma ko akuyar garin ta san wa ake nufi da mai rawani babba da akushi ƙarami. Wa zai sa wannan a iska, dangin mutumin na cikin ma'aikata? Sai nib ba su 'yar gajera mai gindi layi biyu, wadda ba ta taɓa kowa. Ita anka naɗe, ita anka riƙa sawa a zaɓi sonka. Mai gaida ƙanwatai da ita, mai gaida abokin da yat tafi ci-rani Ikko da ita, har 'yan tallan fura sunka hardace.

Wannan matsi ya girmi rediyon ma. Faifan garmaho minti ukku zuwa huɗu yake ɗauka a gefe guda, don haka makaɗi ya datse waƙatai ko ya haƙura. Kaset ne ya ɗan ba mu numfashi, ƙaramin rabin awa a gefe, babban minti 45, shi ya sa in kana son jin makaɗi da ƙarfinai tsohon kaset za ka nema wajen tsofaffin masu shago. Yanzu kuma kun dawo da mu baya da wayoyinku, ana yanko abin da bai kai minti guda ba ana ta juyawa.

Kuma kada ka ɗauka ni kaɗai abin yas sama, ni wane ne? Tare wani saurayi a Kasuwar Daji ka ce ya ambato maka waƙar Musa Ɗanƙwairo, ta Sardauna zai fara kawowa, wataƙila daga ita ya tsaya. Sardauna ya rasu a 1966, Ɗanƙwairo kuwa sai 1991, shekara 25 yana yi ma sarakuna waƙa bayan nan, kuma da waƙar noma yaf fara tun yana bin mahaifinai. Ɗan'anace ma an ɗaure shi da waƙar ɗan damben nan Shago kamar bai taɓa buɗe baki ga wani ɗan dambe ko manomi ba. Ban ce waɗannan waƙoƙi ba su yi ba, Allah ya tsare bakina, sun yi har sun wuce. Sai dai sun zama irin ƙaton gamjin da ba abin da ke tsirowa ƙarƙashinai.

Ka lura da wanda ke saurare. Waƙar fada ana yinta ne ƙofar fada daren Juma'a, ko ranar hawan Salla, gaban mutanen da sunka san kakan sarki da kakan kakanai. Ka ambaci wani dutse ko wani rafi da anka yi artabu, tsoho ya gyaɗa kai don ya san wa yat tsaya wa yag gudu. Nan ne gwaninta take, cikin ɗiya. Mai sauraren rediyo kuwa tana tuyar ƙosai, ko yana ɗaurin taya, kunne guda yab ba ka. Gindin da ke dawowa kowane lokaci shi kaɗai ke maƙale mai. Duk waƙar da gindinta yaf fi sauƙin kamawa ita ke ci, ko da ɗiyanta ruwa-ruwa ne.

Abin da yaf fi ci mani rai ma ba wannan ba ne. Waƙarmu ba ta tsayawa wuri guda, yau ka ƙara ɗa, gobe wani ya rasu ka cire nashi. Wadda ke rediyo kuwa ta rana guda ce, ranar da nike masassara. Akwai inda tari yas sarƙe ni a ɗa na ukku, kuma wallahi na ji yara na rerawa suna yin tarin a daidai wurin. Wata rana a wajen wani suna na gyara layin da ban taɓa jin daɗinai ba, sai wani mai babbar riga yad ɗaga hannu yac ce: “Makaɗa, ba haka take ba!” Ni da niy yi ta. Na yi dariya nib ba shi yadda yake so, don hannunai na cikin aljihu.

To ga yadda ake yi, tunda wata rana kai za ka ja. Kada ka taɓa hana su ta rediyon. Ita ke sayen geron gidana da naka, kuma makaɗin da ke ja da masu buki ba ya daɗewa ana kiranai. Ba su ita da wuri, tun liƙi na da zafi. Gindi sau ukku, ɗiyan da sunka sani guda biyu, sannan ka zura sabon ɗa ba tare da ka canza kiɗa ba. In hannu bai sauya ba, kunne ba ya gardama. Haka niy yi ta cusa rabin abin da nike so a ji cikin waƙar da ba ni so. Ku kuma 'yan amshi ku daina karɓi kamar kaset, ido na kan masu liƙi. Jiya na sauya kalma guda kun wuce da tsohuwar, ku duka ukku, na ji ku.

In dare ya raba, samari sun watse, ka duba gefen tabarma. Ba a rasa wani dattijo da yas sunkuyar da kai yana buga ƙasa da sanda a hankali. Shi nike jira. In ka ji na sassauta tsarkiya na sauke murya, ta ubangidanmu ce za ta fito, ka shirya numfashinka. A ɗa na tara kullum kake yanke shi kafin a kai gaɓa. Gobe bayan La'asar ka zo mu bi ta wurin, ka biyo ta wajen dukawa ka karɓo fatar nan da nib bar musu tun Talata.