Tabon da ya fito a bayan Inna: gyambon kwanciya ne

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyarmu mai shekara 78 ta samu shanyewar ɓarin jiki, wata huɗu ke nan tana kwance. Yanzu wani wuri a ƙasan bayanta ya yi baƙi ya fara saluɓewa. Muna gasa mata da ruwan zafi, muna barbaɗa garin kafso, amma sai ƙara faɗi yake yi. Yayanmu ya ce a nemo gidan kula da tsofaffi. Mene ne abin yi? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ku kuma ya saka muku. Wannan gyambon kwanciya ne. Idan mutum ya daɗe a gefe ɗaya, ƙashi yana danne fata a kan katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa tun daga ciki. A fatarmu ba kasafai ake ganin jan da yake fara yi ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi tauri ko ɗumi. Shi ya sa muke makara.

Gashin ruwan zafin nan ku bari yau, 'yar'uwa. Fatar tsoho ta yi siriri, kuma ɓarin da ya shanye ba lallai ya ji ƙuna ba. Garin kafso ma ba ya cire abin da ke jawo ciwon. Kada a murza wurin.

Babban maganin juyi ne, duk bayan awa 2, har da dare. Na san da wuya, don haka ku raba aikin tsakaninku, kada a bar wa mutum ɗaya. Ku ɗan karkata ta gefe, filo a bayanta, wani tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Kullum a duba kwatangwalo, kafaɗa da ƙeya. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, a zafin Gombe gumi take tarawa. A ɗora zani mai kauri a kan ledar, a canza da zarar ya jiƙe. Bayan wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa man kaɗanya ko Vaseline a lafiyayyar fata, musamman da hunturu. Ta riƙa samun wake, ƙwai, kifi da nono, don nama ba ya tsirowa da koko kawai.

Tunda har ya buɗe, ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha a duba zurfinsa, a gwada suga, nas ta nuna muku yadda ake wankewa da ɗaurewa. In kuka ji wari, ko kuka ga ruwan mugunya, ko zazzaɓi ya taso, kada ku kwana.

Batun gidan tsofaffi kuwa, in kun samu, ku tambaye su mutum nawa ke kwana a kan aiki, kuma wa ke juya marasa lafiya da ƙarfe 2 na dare.