Rana ce ko Zara ta fi kusa da mu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yarona ɗan sakandare ya dawo gida yana cewa wai rana tauraruwa ce, kuma ita ta fi kowace kusa da mu. Ni kuwa tun muna yara Zara muka sani, matar wata. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Alhaji, a wannan karon sai ka haƙura, yaro ya yi daidai. Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu da ke zagaya rana, kuma hasken da take ƙyalli da shi na aro ne daga rana. Tauraruwa ita ce wadda ke samar da wutarta da kanta, kuma rana haka take. Kusanci ne kawai ya sa take cika mana ido. Tsakaninmu da ita kimanin kilomita miliyan 150 ne, haskenta kuma na iso mu cikin minti 8 da daƙiƙa 20, domin haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

Bayan rana, wadda ke biye ita ce Proxima Centauri. Wani masanin taurari, Robert Innes, ya gano ta a 1915 a Johanesbag ta Afirka ta Kudu. Haskenta na shafe shekara 4 da 'yan watanni kafin ya zo nan. A kilomita, wajen tiriliyan 40 ke nan, lissafin da ni kaina ba ya zama mini a kai.

Shi ya sa nake yi wa ɗalibaina misali da gero. Ɗauki ƙwayar gero guda, ka ajiye a gindin Hasumiyar Gobarau a Katsina, ka ce ita ce rana. Duniyarmu za ta zama ƙurar da ido ba ya gani, tana nesa da ƙwayar da tsawon rular ɗan makaranta, santimita 30. Neptun, duniya ta ƙarshe a jerin takwas, tana wajen mita 9, ko inuwar hasumiyar ba ka bari ba. To ina Proxima? Sai ka shiga mota, ka yi tafiyar kusan kilomita 80 har Daura, ka sauka wajen Rijiyar Kusugu, can za ka ajiye ta. Ita ma ba ta kai ƙwayar gero ba, ƙwayar rairayi ce. Duk hanyar nan, babu wata tauraruwa a tsakani.

Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, amma a wannan misali bai wuce mita 50 da 'yan kai daga ƙwayar geron ba. Da Proxima ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Kada ka wahalar da idonka neman Proxima, ja ce mai rauni, sai da na'urar hangen nesa. Amma maƙwabciyarta, Alfa Centauri, ana ganinta daga Daura. Wajen watan Mayu, bayan sallar isha'i da ɗan jimawa, in sama ta washe, ka fita da yaron bayan gari inda babu fitilu, ku dubi kudu can ƙasa-ƙasa, sama da kan bishiyoyi kaɗan.