Tambaya da Amsa: Tsohuwar kwamfuta za ta iya rarraba intanet a shago?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da cike fom a Kubwa, Abuja, da kwamfutoci goma sha biyu. 'Yar na'urar da ke rarraba mana intanet takan shaƙe da zarar shago ya cika, musamman lokacin rajistar jarrabawa. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a ajiye, an ce za ta iya wannan aiki. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma takan fi ƙananan na'urorin nan ɗaukar nauyi, domin ƙwaƙwalwarta ta fi tasu. Manhajojin da aka fi sani da wannan aiki su ne pfSense, wadda aka fara a 2004, da OPNsense, wadda ta ɓalle daga gare ta a 2015. Duka biyun a kan FreeBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, aka gina su, ana samun su kyauta, kuma kowa yana iya duba yadda aka rubuta su. Ni dai OPNsense nake ba sabon shiga shawara, saboda shafinta ya fi sauƙin bi.

Sharaɗin farko shi ne kafar wayar intanet biyu a jikin kwamfutar: ɗaya ta karɓi intanet daga modem, ɗayar ta kai shi ga suwich ɗin da kwamfutocinka ke haɗe. Yawancin kwamfutocin tebur kafa ɗaya gare su, saboda haka sai ka ƙara katin sadarwa. Idan ka je Banex da ke Wuse 2, ka nemi na Intel, domin FreeBSD ta fi jituwa da shi fiye da na Realtek mai araha.

Ka sa manhajar a filas, ka tayar da kwamfutar daga gare shi, amma ka fara kwashe takardunka, domin girkawar tana share komai. Bayan nan za ka shiga shafin sarrafawa ta adireshin 192.168.1.1. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: idan modem ɗinka ma wannan adireshin yake amfani da shi, intanet ba zai wuce ba ko da fitilu duk suna ci, sai ka mayar da na cikin shago 192.168.10.1. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da manhajar a ranar, ba gobe ba.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne ƙayyade wa kowace kwamfuta rabonta, ta yadda mai kallon bidiyo ba zai hana mai cike fom aiki ba. 'Yar na'urar da ke rarraba maka intanet yanzu kuwa kada ka yar, ka kashe mata aikin raba wa kwamfutoci adireshi ta zama ta Wi-Fi kawai.

Sai batun wuta. Kwamfutar tebur tana cin wuta ninki da yawa fiye da 'yar na'urar, kuma ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata faifanta. Idan ba ka da inbata ko UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ka tanade shi kafin ka sayi katin.