Kuben bindiga, da kirgi ake yin sa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na ƙi ɗinka wa mutumin nan kuben ƙaramar bindigarsa da fatar akuya, alhali ita ya zaɓa. Ajiye basillar ka ji.

Fatar akuya ta jaka ce da laya. Kuben bindiga kirgi yake so, fatar saniya da ta sha bagaruwa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. A jiƙa ta, a matse ta a jikin samfurin bindigar, ta bushe da siffarta. Duk wannan wahalar saboda kunamar bindiga ake yin ta. Fata mai laushi in ta sha gumin Omdurman sai bakinta ya lanƙwashe ciki, ranar da mai ita ke mayar da bindiga, bakin nan ya shiga zoben kunama ya danna. Bindiga ƙirar Glock ba ta da makullin gefe mai hana ta tashi, wanda ake turawa da babban yatsa, tsohuwar Tokarev ta soja ma haka. In harsashi na ciki, ɗinkinka kaɗai ke tsakanin kunama da cinyar bawan Allah. Saboda haka ka rufe kunamar ruf, kada ko ƙaramin yatsa ya sami hanya.

Kowace bindiga da kubenta. Na Makarov ba ya zama wa Beretta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu son na rataya a hammata, wanda bindiga ke kwanciya bakinta na kallon baya. Wa ke bayansa? Wanda ke sahu na biyu a masallaci, ko yaron da ke zaune a motar haya. Annabi (SAW) ya hana nuna wa ɗan'uwa makami, ya kuma umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Ni na ƙugu nake ba da shawara, baki na kallon ƙasa, riga ta rufe shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutanen ƙasar nan sun ga ƙarfe ya ishe su, bai kamata a tsorata mai shayi da ƙotar bindiga ba. Jefa ta tsirara cikin aljihun jallabiya tare da makullai kuwa, ganganci ne.

In mai bindiga zai gwada kuben, ya fara nuna takardar izini. Shi zai zare gidan harsashi, ya ja ta baya, ka leƙa da idonka ka ga wayam. Sannan ka sa ta a kube, ka kife bisa tabarma, ka girgiza. In ta zame, warware ɗinkin ka sake.