Tambaya da Amsa: Hular da ke gane gyangyaɗin direba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana soja ne, babbar mota yake ja. Na ji a rediyo wai sojojin Amurka na gwada wata hula mai karanta ƙwaƙwalwar direba. Shin abin da ke zuciyar mutum take tonawa? Hankalina bai kwanta ba.
Daga wani dattijo, karkarar Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya tsare mana shi. Kwantar da hankalinka, hular ba ta san sirrin kowa ba. Ƙwaƙwalwa na aiki da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, hular kuma na da 'yan ƙarafa da ke taɓa fatar kai suna ɗaukar motsinta. Irin gwajin da ake yi wa mai farfaɗiya ne a asibiti, wanda likitan Jamus Hans Berger ya fara yi wa ɗan Adam tun 1924. Mai ido biyu motsin nasa na sauri ne. Da barci ya fara satarsa sai motsin ya lafa, ya koma kamar bugu 4 zuwa 8 a daƙiƙa. Lafawar nan kwamfuta ke farauta, ta yi gargaɗi tun kafin kai ya sunkuya. Cibiyar binciken sojan ƙasa ta Amurka ta gwada wannan a motar kwaikwayo, wato na'urar da ke kwaikwayon tuƙi ba tare da an hau titi ba, kuma direbobin mahaƙar ma'adinai a Ostareliya na sa irinta.

Abin da ake gudu na gan shi da idona. Wani dare na shigo gaban motar shanu daga kasuwar Maigatari. Direba goro a baki, ido a buɗe tar, amma mota na zamewa gefen titi. Sai da na dafa kafaɗarsa ya zabura. Ya rantse bai runtsa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, bai ma san ya tafi ba. Ko gajeren gyangyaɗi haɗari ne, domin motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin kusan mita 90 cikin daƙiƙa 4.

Hular na da nata rauni: gumi, gargadar hanya, har taunar goro na rikita ta. Abin da ya fi damuna shi ne, in ta yi ƙara, ogan direban zai bar shi ya tsaya ya kwanta? Domin ba ta maganin barci.

In ɗanka ya bugo waya, Baba, tambaye shi awa nawa ya samu ya runtsa kafin ya hau sitiyari.